Kaset Goma Sha Bakwai

A Gangare, Baba Rasha suke ce masa.
Yara sun ɗauka gyaran rediyo ya koyo,
don kullum kunnensa na manne da ita.

Injiniya aka tura shi ya karanto,
sai ya ɓace a tsibirin Sakhalin,
wurin mutanen Nivkh, masu shanya kifi
a iskar da ke tsaga leɓe.
Shekara huɗu yana durƙushe gaban wata tsohuwa
tana ƙirga masa duniya:
ƙirgen mutum daban, na kare daban,
na kwalekwale ma daban.
"Wanda ya ƙirga ka da ƙirgen kifi," in ji ta,
"bai gan ka ba."

Ya dawo Jos da akwati ɗaya.
Kakata ta ce an yi asarar kuɗin jirgi.
Jami'a ta ba shi ofis a ƙarƙashin bene
da ɗalibi uku. Biyu suka gudu.

Ran da ƙanƙara ta zuba a Farar Gada,
'yan tumatir na salati,
shi ko ya cire hula yana dariya,
yana kiranta da sunan da ba mai amsawa.

Jiya muka buɗe akwatin.
Gara ta cinye littafin fassara,
ta bar mana kaset goma sha bakwai.
Na sa ɗaya. Tsohuwar ta yi tari,
can baya kare na haushi,
sai ga muryar babana, saurayi, harshe na tuntuɓe.
Ta gyara masa, ya sake.
Ta gyara masa, ya sake.

Ladan ya kira magariba.
Na rage murya, ban kashe ba.