Kunnen Hagu na Mai Zuma

Shekara arba'in ina kara kunne a jikin amya,
a gangaren dutse, bayan garin Radovljica.
Ba sai na ɗaga murfi nake sanin lafiyarsu ba.
In sarauniya na nan, ƙuginsu a kwance yake
kamar tukunya a kan garwashi.
In ta mutu, sai su sirance murya
irin ta gidan da aka fita da gawa.

Wata bazara kunnen hagu ya kafa tasa amyar.
Ƙugi dare da rana, ba zuma, ba hutu.
Zdenka ta yi magana ta wannan gefen, na ce me?
Ta sake, na ce me?
Ta ce in ba tsufa ba ne, to taurin kai ne,
har ranar da ƙasa ta juya da ni
ina kan tsani ina tsinkar tuffa.

A Ljubljana suka zura ni cikin bututu mai ƙara.
Likita Mlakar ta juyo mini da hoton kaina,
ta ɗora biro a kan wani fari kamar ƙwayar wake.
"Ƙari ne," in ji ta, "amma ba na daji ba.
Ba ya yawo. Zama kawai ya yi
a kan jijiyar ji, yana ƙiba."
Na ce, ashe baƙo ne mai ladabi
da ya zauna wa maigida a kan ƙafa.
Ba ta yi dariya ba.
Ta zana katantanwa a bayan takarda:
"In jijiyar ta tsira, nan za mu zura waya
siririya kamar zare."

Awa bakwai, in ji Zdenka.
Ni dai na rufe ido, na buɗe,
kai a naɗe kamar kabeji,
bango yana tafiya ba da izinin kowa ba.
Na koyi tsayuwa. Na koyi taka dakali.
Wata guda gefen hagu rijiya ce da aka rufe.

Ranar kunnawa, wata yarinya, Neža,
ta manna maganaɗisu a bayan kunnena, ƙyas.
Ta danna. Tsit. Ta ƙara dannawa.
Sai ga cokula suna faɗa a cikin gwangwani.
Na ce injinku ya lalace.
Ta ce, "A'a, matarka ce take kiran sunanka."
Na dubi Zdenka, bakinta yana cewa Ciril,
kunnena yana cewa agwagwar ƙarfe.
Shekara talatin da takwas da aure,
ga ni ina neman a gabatar da mu.

Kowace safiya sai ta karanta mini farashin kasuwa,
na toshe kunnen dama da kaki.
Dankali. Albasa. Man tarakta.
Albasa ce ta fara dawowa, ban san dalili ba.
Sai famfo, sai ƙararrawar coci,
sai tarinta na asuba, wanda a da nake mita a kansa.

Da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa
na hau gangaren ni kaɗai.
Kaki a dama. Na jingina hagu da amya ta bakwai,
na ƙwanƙwasa. Shiru.
Na canza batir da yatsu masu karkarwa. Shiru.
Na zagi waya, na zagi katantanwa,
na ɗaga murfi don in ƙaryata su.
Suna zube a ƙasa, baƙi ƙirin, sanyi ya gama da su.
Gaskiya kunnen ya faɗa.

Na daɗe a tsaye.
Sannan na matsa ta takwas, na ƙwanƙwasa sau ɗaya.
Daga can cikin katako wani abu ya taso,
da ɗan tsatsa a muryarsa, da ɗan gwangwani,
ya yi sama, ya dawo ya kwanta.
Sarauniya na nan.

Na sauko gida ban cire kakin ba.
Zdenka ta ce daga kicin, ta gefen hagu,
"Goge ƙafarka."
Na goge.