Daren Alhamis a Todmorden

Ƙarfe bakwai muke buɗe zauren bayan coci,
inda da rana yara ke zanen kifi.
Warin jiƙaƙƙen katako, tsohon shayi a buta.
Mu ashirin da uku ne in kowa ya zo,
kowa kuwa bai taɓa zuwa ba.
Gurdeep na can yana cire wa wani haƙori,
Bernadette ta iso da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat,
Clive mai raba wasiƙa, ƙafafunsa sun yini a hanya,
ga shi za a sa su rawa.

Ni ba na waƙa.
Sau ɗaya na gwada. Moira mai fiyano
ta cire tabarau, ta dube ni da tausayi,
ta miƙo mini littafin.
Tun ranar wurina bayan labule ne,
da 'yar tocila, da fensir a kunne.
Wanda baiti ya suɓuce masa
ni ke jefa masa guga.

Saura kwana tara.
Tikiti sittin da ɗaya muka sayar, rabi dangin Clive ne.
Na'urar ɗumama ɗaki ta mutu tun Litinin,
muna waƙar bazara, tururi na fita daga bakinmu.
Watan da muka yanka da kwali ya faɗo sau biyu,
na biyun a kan Gurdeep, yana tsakiyar rantsuwar soyayya.
An yi rigima a kan hula.
Wata ta ce ta tafi ke nan har abada,
ta dawo bayan minti goma: ruwa ake, ta bar lemarta.

“Daga farko,” in ji Moira. Kullum daga farko.
Yatsunta duk sanyin ƙashi ya lanƙwasa su.
Ita ce mai haƙurin da ake faɗa,
mu ne dutsen, har yau ba mu nuna ba.

A layin gaba Desmond ke zama.
Shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa zuwa Leeds,
arba'in yana jan waƙa a wannan dandamali.
Yanzu Winifred ke kawo shi, ta gyara masa wuyan riga,
don ba a barinsa shi kaɗai a gida.
Wata rana sunanta ma ba ya zo masa.
Ni kuwa duk mako sai ya ce, daga ina?
In ce Gusau.
Ya ce bai taɓa tsayawa a wannan tasha ba.

Daren gwajin ƙarshe, da kaya, da fitilu,
Bernadette ta kai tsakiyar waƙarta ta tsaya cak.
Baki a buɗe, ba komai a ciki.
Fiyano ya zaga, ya dawo, ya jira.
Ni kuma shafi biyu sun manne mini,
ina lasar yatsa, ina ja, sun ƙi.

Sai daga duhu wata murya,
tsohuwa, mai nauyi kamar daka daga nesa,
ta tsinci baitin daidai inda ya faɗi
ta kai shi gaba.
Ido a rufe, tafi na bugun gwiwa.
Da shafin ya buɗe na bi shi da tocila, layi bayan layi.
Ko wasali bai ɓata ba.

Winifred ba ta juya ba.
Maɓalli take ɗinkawa,
sai dai zaren ya daɗe bai shiga allura ba.

Muka jera kujeru ɗari da ashirin, don sa rai.
A bakin ƙofa ya ce mini, daga ina?
Moira na neman makulli a jaka, ba ta ɗago ba:
“Ranar Asabar a zaunar da shi kusa da ke.”

Na rubuta a gefen shafi:
batir biyu,
ƙusa don wata,
kujera ɗaya.