Kaset ɗin Baba

Kwana arba'in ban zubar da hawaye ba.
Aka wanke Baba, aka sa shi a makara,
na ɗauki gefe guda har bakin kabari.
Mutane suka ce, "Ilu namiji ne,
ga dauriya, ga tawakkali."
Ba su san dutse ne ya zauna mini a ƙirji ba,
irin na Shere, wanda damina ke duka
shekara da shekaru, cikinsa bai jiƙa ba.

Ranar rabon kaya aka miƙo mini
rigar sanyinsa ta gwanjon Taminus
da rediyo mai cin kaset, murfinsa ɗaure da roba.
Kande ta ce, "Jefar da tarkacen nan."
Na kai wa Gyang, mai gyara a bakin Dilimi,
don dai hannuna ya samu abin riƙewa.

Gyang ya hure ƙura, ya ɗiga mai,
ya sa batir huɗu, ya ce, "Mu gwada."
Ashe akwai kaset a ciki.

Gita ɗaya. Murya ɗaya, ta wani Bature,
mai kaushi, kamar ya kwana yana tari,
yana jan kalma yadda ake jan guga
daga rijiyar da ruwanta ya yi nisa.
Turancin bai shige ni duka ba.
Na tsinci jirgin ƙasa, na tsinci uwa,
na tsinci gida da hanyar da ba ta kai can.
Sauran ba ya bukatar tafinta.

Sai ga Baba a idona,
ya dawo daga ramin kuza, jan laka har gwiwa,
ya wanke, ya jawo kaskon gawayi,
ya rufe ido yana kaɗa babban yatsa.
Ina yaro nakan ce, "Baba,
me kake ji a kukan Bature?"
Yakan ce, "Wanda ya taɓa rashi,
ko da wane harshe ya koka, na gida ne."

Gyang ya juya kaset.
A bayan, mai gurmi ne, an ɗauko daga rediyo,
yana waƙar lebura da tafki ya haɗiye,
matarsa na ajiye masa tuwo har ya yi tsami.
Ana tsakar amshi waƙar ta yanke,
wani ya danna abin da bai kamata ba:
tari, ƙarar cokali a kofi,
sai muryarsa, kusa, kamar a bayan kunnena:
"Ilu, tafi a hankali, za ka zubar da shayin."

Daga nan gurmi ya ci gaba.
Ni ban ci gaba ba.

Dutsen ya tsage a shagon mutane,
tsakanin matattun talabijin da ƙaurin dalma.
Na yi kuka irin na yaron da ya ɓace a kasuwa.
Gyang bai ce mini "yi haƙuri" ba.
Ya saki labule, ya turo benci da ƙafa,
ya ce, "Tawa bara ta tafi,"
ya mayar da kaset farko.
Muka zauna, mutum biyu da waƙar wani.

Da na ɗauka waƙar baƙin ciki ƙara ciwo take yi.
Ashe wanzamiya ce:
ƙaho take kafawa daidai wurin,
ta tsaga kaɗan, ta zuƙe mataccen jini,
ka tashi da tabo, amma kafaɗa ta yi sauƙi.

Yanzu in sanyin Jos ya sauko da magariba
nakan sa rigar gwanjon, hannunta ya fi ni tsawo,
in hura gawayi, in danna.
'Yata Hansatu ta tambaye ni jiya
me nake ji a wannan kukan.
Na ce ta matso kusa da wuta,
ta kuma tafi a hankali da shayin.