A Bari Ya Huce

Teku ta janye da hantsi a Ploumanac'h,
ta bar duwatsu jibge kamar shanun da suka ƙoshi,
wani ya ɗora haɓa a wuyan wani,
wani na tsaye da ƙafa ɗaya, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Nan babana, Tugdual mai fasa dutse,
yake kawo ni ran Lahadi in an taso daga coci.
Ba shi da doguwar magana,
ƙurar aiki ta riga ta cinye rabin numfashinsa.
Sai ya tofa yawu a kan dutse,
ya murza da babban yatsa, ya ce, "Azenor, duƙo.
Busasshen dutse maƙaryaci ne,
jiƙa shi ki ga gaskiya."

Na duƙa. Ashe ba launi ɗaya ba ne.
Ga wani garai-garai kamar gishirin da ya ƙi narkewa,
ga baƙin ɓarɓashi mai ƙifta ido in rana ta taɓa shi,
ga kuma mai rinjaye, jaja-jaja,
irin jan jatan lande da ya ji wuta.

"Wannan jan tsatsa ce," in ji shi,
"ƙarfe ne ɗan mitsitsi ya maƙale a ciki tun ana dahuwa.
Abin da ke kashe ƙusar jirgin ruwa,
shi ya yi wa gaɓarmu kwalliya."

Na ce, "Dahuwa? Wa ke dafa dutse?"
Ya yi tari, ya daɗe yana yi.
"Ƙasa mana. Mai haƙuri ce.
Can ƙarƙashin tsaunukan da babu su yanzu,
yana narke, yana bararraka a duhu,
ba wanda ya ɗaga murfi.
Ɗan'uwansa mai gaggawa ya yi tsartuwa ta bakin tsauni,
iska ta buge shi, ya daskare nan take,
baƙi ƙirin, ba ƙwaya ko ɗaya a fuskarsa.
Wannan kuwa ya zauna.
Yana hucewa kaɗan-kaɗan,
shekaru na shiga, suna fita kamar igiyar ruwa,
har kowace ƙwaya ta sami danginta, ta girma.
Baƙin ya fara kama wuri,
jan ya gina ɗakuna masu kusurwa,
mai kama da gishiri ya zo a makare,
ya kwanta a duk inda aka rage masa."

Sauran labarin a hanyar gida ya ba ni,
guntu-guntu, tsakanin numfashi:
yadda ruwan sama ya lashe tsaunukan har suka ƙare,
yadda ya zurara cikin tsagogi,
ya ci kusurwa, ya bar ƙunduƙuƙu a binne.
Teku 'yar shara ce kawai,
ta zo ƙarshe, ta kwashe tsakuwa, ta karɓe yabo.

Ya rasu da hunturu, ina Brest ina aikin jinya.
Dutsen kabarinsa shi ya sare da hannunsa,
ya ajiye bayan rumfa shekara tara,
ya hana a goge shi ya yi santsi.
Ran jana'iza ban zubar da hawaye ba.
Mutane sun yi ta kallona, sun yi ta raɗa.
Ni ma ban san abin da ke dahuwa a ƙasa ba,
sai yanzu yake kama jiki, ƙwaya-ƙwaya.

Yau ɗana Gwenole ya tsallaka kududdufi,
ya dafa ƙaton dutsen nan mai ƙafa ɗaya,
ya ce, "Mama, wa ya shafa musu fenti?"
Ruwa ya soma dawowa, muna da kamar rabin sa'a.
Na ce, "Kawo babban yatsanka.
Ka iya tofi?"