Harshen Gilashi

Baba Arzika bai taɓa riƙe na'ura ba.
A fadamar Argungu, kafin ya saki 'ya'yan tarwaɗa,
sai ya durƙusa, ya kamfato da tafin hannu,
ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar,
ya ce: yau akwai magana a bakin ruwa.

Ni ɗiyarsa, ban gaji harshensa ba.
Nawa na gilashi ne, a akwati nake yawo da shi,
tsawonsa bai wuce alƙalami ba,
kansa ɗan ƙwallo, ya fi ɓawon albasa rashin kauri.
In ya bushe sai ya bebance,
shi ya sa ko barci zai yi, da 'yar hularsa cike da ruwa.

Da safe ba na yarda da shi
sai na tambaye shi abin da na riga na sani,
kamar mai awo da ke gwada mudunta kafin kasuwa ta ci.
Kwalbar bakwai, wadda ba ta goyon bayan kowa.
Kwalbar huɗu, 'yar gidan tsamiya.
Kwalbar goma, dangin kanwa.
Tsakanin kowace in ɗauraye shi,
in ɗiga masa auduga, ba a goge shi,
yana da fushi, in an cuɗa shi sai ya yi ƙarya.

Su biyu ne a cikin sandar nan.
Ɗaya yana bayan gilashi yana sauraro,
haidurojin na waje suna cincirindo a jikin bango,
na ciki suna nan yadda aka bar su,
bambancin ne ke haifar da lantarki
ɗan mitsitsi, wanda bai isa ya tada ƙuda ba.
Ɗayan wayar azurfa ce zaune cikin ruwan gishiri,
ba ta hawa, ba ta sauka,
turke ce, daga gindinta ake auna nisan akuya.
In ba mai tsayawa wuri ɗaya,
wa zai ce wani ya yi tafiya?

Ranar Talata kifi suka taso sama suna haki.
Goma sha tara muka kwashe kafin hantsi.
Baba ya kurɓa, ya daɗe bai tofar ba.
Shekaru da goro sun cinye masa kaifin baki.
Bai dube ni ba ya ce: Kulu, ɗauko naki.

Na tsoma, na juya a hankali, na jira.
Ita ma ɗumin tafkin sai da na'ura ta tambaya.
Lambobi suna rawa kamar kwalekwale a gaɓa,
shida da ɗigo ɗaya,
biyar da takwas,
biyar da uku.
Nan suka ja birki.

Makon jiya bakwai saura kaɗan na rubuta.
Ya ce: ashe ko taki biyu bai cika ba.
Na ce: Baba, wannan tsani ba irin na rumbu ba ne,
kowane taki guda, tsami ya ninka goma.
Ya yi shiru. Ruwa ba ya tsami banza.

Muka bi magudana da ƙafa, laka har ƙwauri,
sai ga tulin buntu bayan injin casar Nomau,
ya jiƙe, ya ruɓe, yana tsiyaya baƙi-baƙi
yana gangarowa wurinmu tun saukar damina.

Mun datse. Mun watsa farar ƙasa da toka, kwano-kwano,
ba a yi wa tafki gaggawa.
Kwana huɗu ina tsomawa ina rubutawa,
shida, shida da rabi, shida da tara.

Yanzu da asuba shi ke riga ni zuwa akwatin.
Ba ya taɓa sandar, wai hannunsa na fatsa ne,
hular kawai yake dubawa,
kada harshen gidanmu ya kwana babu ruwa.