Takarda Ɗaya, Ɗauka Biyu

Kyamarar gwanjo ce, na tsinta a Taminus,
irin mai zaro hoto nan take
kamar yaro ya yi gwalo.
Takarda takwas ke cikin kwali. Sai da na ɓata biyar
na gane halinta:
in ka danna, ka hana ta amayarwa,
takan riƙe abin da ta gani
ta jira na biyu.

Baba na bakin shagon ɗinkinsa a Gangare.
Na ce, gusa dama, bar mini rabin benci,
can inda inuwa ta fi kauri.
Ya ce, wa zai zauna?
Na ce, duhun nake so.
Inda haske ya cika, takarda ba ta karɓar baƙo.
Ƙyas.

Na rufe mata ido da gefen mayafi.
Keke biyu na canza kafin Kabong,
don akwai layin da ba wanda ya zana
amma kowane direba ya san shi.

Baba Davou na tsince dankali a tsakar gida.
Tare suka wanke kuza suna samari,
kwanon gwate ɗaya, cokali ɗaya.
Yau shekara ashirin da 'yan kai
gaisuwarsu sai ta bakin wani.
Na ce, gusa hagu.
Bai tambaye ni dalili ba.
Ƙyas.

Ta zaro harshe, fari fat.
Sanyin Jos ba ya barin hoto ya nuna da wuri,
sai na cusa shi a hammata
kamar kaza kan ƙwai,
ina ƙirga fitilun Gada Biyu.

Bai fita tsaf ba.
Kafaɗar wannan ta nutse cikin ta wancan,
keken ɗinki ya tsiro a tsibin dankali,
hular Baba ta ari rufin gidan da bai taɓa shiga ba.
A tsakiyar benci ga hannu guda,
har yau ban san na waye ba.

Irin wannan hoto ba a wanke na biyunsa.
Baba ya kai shi kusa da ƙwan lantarki,
ya daɗe.
Ya ce, ya tsufa.
Ya ce, gobe ki kai masa.
Har na kai ƙofa ya ce, tsaya,
nawa ne kuɗin keke zuwa can yanzu?