Rajista

Littafin kiran suna ne a da,
na aji huɗu, firamaren Tudun Kargo.
Bangonsa shuɗi, gara ta ci gefe guda.
Da safe in ce Barau, ya ce na'am,
in ce Kande, ta ɗaga hannu da sauran koko a baki.

Ranar da suka shigo bisa babura,
uku-uku, ana tsakar yankan gero,
ba su nemi mai gari ba, sun san a Alkaleri ya kwana.
Suka ce, wa ya iya lissafi a nan?
Kowa ya dubi ƙasa.
Ƙasa ba ta da yatsa, amma wani tsoho ya nuna ni.

Yanzu ni ne magatakarda.
Buhu goma, biyu nasu.
Saniya in ta haihu, a rubuta maraƙin.
Jatau mai injin niƙa, dubu uku duk Laraba.
Rijiyar makaranta ta sami kwaɗo da ɗan mabuɗi.
Zakka suke kiran abin.
Shekara tara na yi gaban Malam Sambo,
ban ji babin da ake karɓarta da bakin bindiga ba,
amma bakina nawa ne, na rufe abina.

Ba waya, ba rediyo, ba fita bayan lisha.
Kotu kuma a gindin tsamiyar kasuwa.
Kada in yi musu ƙarya:
rikicin gonar Buba da ƙanensa,
wanda ya ci shekara shida da awaki huɗu a hannun alƙalai,
sun raba shi kafin la'asar.
Aka watse ana cewa, to ai ka gani.
Mako ya zagayo, a gindin tsamiyar nan
aka ɗaure Maikano tela
kan layin waya da aka samu cikin naɗin hularsa.
Ba wanda ya ce ka gani.
Duk mun gani.

Babbansu bai kai ɗana na fari ba.
Amir yake so a ce masa.
Yakan riƙe littafin a juye, ya gyaɗa kai,
ya ce, Malam, mutanena nawa yau?
Mutanensa,
kamar mai leƙa akurki da magariba.
Ya gane daji ba ya biyan haraji,
bindiga ba ta iya huɗa,
sai ya ce duk wanda ya gudu, ɗan'uwansa ne a madadinsa.

Nan na koyi kashe mutane da jan biro.
Uban Barau ya bi kwari da dare, shi da iyalinsa,
na ja layi, na rubuta zazzaɓi.
Kande da kakarta, amai da gudawa.
Mamaci ba a bin sawunsa, ba a kama ƙanensa.
Muka tara ƙasa a maƙabarta, muka yi salla,
kabari goma sha ɗaya,
ba kowa a ciki sai guntayen giginya.
Na ji ɗaya daga mamatana na sayar da rake a Wunti,
wata ma ta haihu, namiji.

Jiya Amir ya ce, mutuwa ta yi yawa a garin nan.
Na ce, ikon Allah.
Ya daɗe yana kallona.
Sai ya yafito wani yaro daga cikin yaransa,
rawani har ido, bindiga ta fi shi tsawo,
ya ce wannan yana karanta boko,
gobe zai zauna kusa da kai.

Na san idon.
Layi na uku, bakin taga, mai cin gindin fensir.
Ni na riƙe hannunsa ya rubuta baƙin farko.
Sunansa na nan a shafi na biyu, ban taɓa jan layi a kai ba.

Gobe zan buɗe littafin in kira shi,
in ji da wace murya zai amsa.